Jirgin ruwa mai inji na hannu a Yamai: ta hannun wa ya kamata ka saya?

Jirgin ruwa ba shi da kasuwa a Yamai kamar yadda mota take da ita. Babu wani fili da za ka shiga ka tarar da jirage a jere, ka zagaya ka zaɓa. Abin da ake da shi labari ne. Wani otal ya daina kai baƙi yawon kogi, ya jingine jirginsa a bayan katanga. Wani aikin raya karkara ya ƙare, an bar jirage biyu a gareji ƙura tana cinsu. Wani baƙo zai koma ƙasarsu, wani mai fito a Gaya yana son ya rabu da tsohon inji ya ɗora sabo. Irin wannan labari a bakin dillalai yake yawo. Saboda haka mai neman jirgi na hannu dole ya tsai da shawara a kan hanyar da zai bi: ko ya bi ta hannun dillalin bakin kogi, ko ya tsallake shi ya nemi mai jirgi kai tsaye, ko kuwa ya ɗaga waya ya nemi dillalin ƙetare, na Kwatano, Legas ko Turai, wanda zai turo masa hotunan jirgi fari tas mai ɗakin kwana.

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri. Ga mafi yawan masu saye a nan, jirgin da ya riga ya saba da kogin nan, mai injin da ake ratayawa a baya, wanda aka saya ta hannun dillalin gida amma da makanikenka a tsaye a gefe, shi ya fi. Sauran hanyoyin biyu kowace tana da mutanenta, za mu zo kansu. Amma kafin maganar dillali akwai maganar kogi, domin shi ne zai karɓi jirgin ko ya ƙi shi.

Kogin Isa, wato kogin Neja, yana da tsawon kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini zuwa teku a Najeriya, kimanin 550 daga ciki a ƙasar Nijar. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na damina, a watannin Agusta da Satumba, wanda rafuka irin su Sirba, Dargol da Gorouol ke kwararo shi daga wajen Burkina, cike da laka da itace da shara. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke ɗaukar watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu. Daga nan sai janyewa. Kafin Mayu da Yuni kogi ya zama tsibiran yashi da duwatsu a fili, har akwai wuraren da ake ratsawa da ƙafa. Manya ba su manta da 1985 ba, shekarar da ruwan ya tsaya cik a Yamai. Yara kuma sun ga 2020, lokacin da ya kai kusan mita 7 a ma'aunin birni ya shiga gidajen unguwannin bakin kogi, musamman na Harobanda. Kogi ɗaya ne ya yi duka biyun. Ana sa ran madatsar Kandadji da ake ginawa a yankin Tillaberi za ta riƙe ruwa ta riƙa sakinsa da rani, to amma kada mutum ya sayi jirgi saboda ruwan da bai zo ba tukuna.

Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, tambayar farko ba kyan jirgi ba ce, nawa yake nitsewa cikin ruwa. Jirgin shaƙatawa na Turai mai ɗaki da injin gazuwal a cikinsa, farfelarsa da sandarta a ƙarƙashin cikinsa suke, ba sa ɗaguwa, kuma irinsa yakan ci kusan mita guda na ruwa. A teku wannan ba komai ba ne. A nan kuwa yana nufin watanni da dama a shekara jirgin yana ɗaure, ko kuma ranar da matuƙi ya kuskure hanya da taku biyu, farfela ta daki dutse, sanda ta lanƙwashe. Injin rataye kuwa in ruwa ya yi ƙasa sai a ɗaga ƙafarsa, a sa gora a tura, a wuce. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya fitar da rabin jiragen da za a nuna maka a waya.

Dillalin ƙetare

In ana maganar tsari, gaskiya dillalan jiragen Turai da Amurka sun fi namu. Dillali yana da ofis da rajista. La'adarsa, wadda sau da yawa takan kai kashi 10 cikin 100, daga aljihun mai sayarwa take fita. Ana rubuta yarjejeniya, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, shi ma yawanci kashi 10, a wani asusu na daban da ba a taɓawa sai ciniki ya faɗa. Sa'an nan mai saye ya ɗauko gwanin binciken jirgi da kuɗinsa, a fitar da jirgin daga ruwa a duba cikinsa, a koma ruwa a gwada shi. In bincike ya tono babban aibi, ko a rage kuɗi ko a mayar maka da ajiyarka. Jikin jirgi yana da lambarsa a allon baya ta hannun dama, haruffa da alƙaluma 14 a jiragen Turai, 12 a na Amurka, kuma dillalin kirki zai bi diddigin takardu ya tabbatar babu bashin banki a kan jirgin. Duk wannan abin koyi ne, kuma rabinsa za ka iya kwaikwayonsa a bakin kogin Gamkalle ba tare da ka biya kowa yuro ba.

Matsalar ita ce kana Yamai, jirgi yana Marseille ta Faransa. Cinikin biri a sama ke nan. Dillalin na mai sayarwa ne, ba naka ba, kome daɗin bakinsa. In ba ka da wanda zai tsaya maka a can, ka dogara ke nan da rahoton mutumin da ba ka taɓa gani ba. Ga kuma 'yan damfara da ke kwafe hotunan jiragen mutane su liƙa a Facebook da farashi mai sauƙi, su ce ka tura rabin kuɗi kafin wani ya riga ka. Duk dillalin da ya ƙi a turo mai bincike na daban, ko ya ce a tura kuɗi a asusun wani mutum maimakon na kamfani, an gama magana da shi.

A ce ma dillalin na gaskiya ne. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Jirgin yuro 15,000 ya haura sefa miliyan 9.8 tun bai bar inda yake ba. Daga nan lissafi ke farawa. Kwantena mai ƙafa 40 faɗin cikinta kusan mita 2.35 ne, jirgin da ya fi haka faɗi ba zai shiga ba, sai a ɗora shi a buɗaɗɗen dandamali, wanda kuɗinsa ya fi na kwantena nesa ba kusa ba. Daga Kwatano zuwa Yamai ya ɗan haura kilomita 1,000, kuma tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina, hanya mai tsawo da ake jiran rakiyar soja. Kowace ranar jira a tashar ruwa kuɗi ce. In ya iso, duwan, wato kwastan, ba a kan kuɗin saye kaɗai take lissafi ba, har da na dako da inshora, sa'an nan a ɗora harajin TVA na kashi 19. Kada ka sa hannu a takardar kowa sai mai fitar maka da kaya ya rubuta maka jimillar abin da za ka kashe har jirgi ya taɓa ruwa a Yamai.

Bayan isowa kuma sai zama da shi. Injunan ciki irin su Volvo Penta, Yanmar ko MerCruiser injuna ne nagari, amma kayan gyaransu sai an yi oda, wata 'yar roba ta jika biyar, wato sefa 5,000, tana iya ɗaure jirgi wata biyu. Suna zuƙo ruwan kogi don sanyaya kansu, ruwan namu kuwa da yashi yake tafe. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana cinye kujerun leda da rumfa da wayoyin lantarki. Jirgin da ya shekara 20 a ruwan gishiri kuma ya zo da tsatsarsa a ɓoye cikin hanyoyin ruwan inji, inda ido ba ya kaiwa.

To wa wannan hanya ta dace da shi? Mai otal ko kamfanin da ke buƙatar irin jirgin da babu shi a nan sam, yana da kuɗin tura amintaccensa ya gani da ido, yana kuma da tirela da wurin fitar da jirgi in ruwa ya janye. Shi ma shawarata gare shi ya manta da mai ɗakin kwana, ya nemi buɗaɗɗen jirgi na mita 5 zuwa 6, na alminiyam ko faiba, marar zurfin ciki, wanda zai shiga kwantena da tirelarsa. In zai yiwu ya sayo jikin kawai, ya ɗora masa injin da makanikan nan suka sani.

Dillalan Kwatano da Legas suna tsaka-tsaki. Amfaninsu za ka iya shiga mota ka je ka gani, kuma jiragen faiba da ake ƙerawa a kudancin Najeriya don ɗaukar fasinja suna da ƙwari, ba su da tarkacen da zai lalace. Illarsu biyu ce. Injunan can sun sha gishiri, kuma ciniki yakan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya kai ga mai kaya, kowa da abin da ya ɗora.

Dillalin bakin kogi da mai jirgi

Wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar dabbobi ya san aikin dillali ba haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai ba ne. Shi ne ke tsayawa ya ce na san mai dabbar nan, ba ta sata ba ce, in magana ta taso gobe ga inda za a same ni. Wannan shi ne babban abin da kake saye da la'adarka a bakin kogi. Injin rataye kaya ne da mutum biyu za su kwance cikin dare su saɓa a kafaɗa, kuma kogi ya haɗa ƙasashe, injin da ya ɓace a Malanville ta Benin ko Yawuri ta Najeriya yana iya bayyana a Yamai da sabon fenti. Dillalin da ya shekara da shekaru yana zama a Gamkalle, Saga ko Goudel, wanda masunta da masu fito suka san gidansa, ba zai sayar da mutuncinsa a kan inji ɗaya ba. Ya san jirgin da ya taɓa kifewa, ya san wanda aka buɗe injinsa sau uku, ya san wanda bashi ya sa zai sayar da wanda gajiyar gyara ta sa. Ko zai faɗa maka, wannan ya danganta da wanda ya ɗauke shi aiki.

Nan ne nake so mai saye ya natsu. Dillali iri biyu ne. Akwai mai cin la'ada, wanda aka yanka masa rabonsa a fili. Akwai kuma mai ɗora nasa a kan farashi, mai jirgi ya ce miliyan 4, shi ya ce maka 5, ya yi ta hana ku haɗuwa da cewa Alhaji ya yi tafiya. Na biyun ba dillalinka ba ne, ɗan kasuwa ne da ke sayar maka da kayan da ba nasa ba, kuma ranar da inji ya buga ba shi da abin da zai mayar maka. Maganinsa ɗaya ne, ba a yanke farashi sai ga ka ga mai jirgi a tabarma ɗaya. Tun ranar farko ka tambaye shi, cikin girmamawa amma ba kwana-kwana: "Malam, wa ya sa ka aikin nan, kuma wa zai ba ka la'ada?" Dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke aiki da ita ta san da dillali, ta kuma ce in mai sayarwa ne kaɗai ya sa shi aiki, ba a ɗora wa mai saye la'adarsa. A al'adar kasuwa sau da yawa ɓangarorin biyu kowa yakan ba da wani abu, wannan ba laifi in an san da shi tun farko. Ni na fi son mai saye ya ɗauki nasa dillalin, ya yanka masa kuɗi tsayayye maimakon kaso, domin wanda rabonsa ke ƙaruwa da tsadar kaya ba zai yi maka ciniki da zuciya ɗaya ba.

Ka kuma lura da mutumin da zai ɓullo ana tsakiyar ciniki ya taya da tsada, alhali ba saye zai yi ba. Shari'a ta hana wannan, sunansa najashu, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Amma ƙwato haƙƙi bayan kuɗi sun fita wahala ce, ko da gaskiya tana hannunka.

Abin da dillalin gida ba shi da shi shi ne ilimin cikin inji, kuma ba shi da asusun ajiya. In ka ba shi kafin alƙalami, a aljihunsa zai sa. Saboda haka kada ajiyar ta yi yawa, a rubuta ta, a rubuta kuma cewa in gwaji bai yi ba za a mayar.

Saye kai tsaye daga mai jirgi yana da daɗinsa. Babu la'ada, kuma tarihin jirgi daga bakin mai shi za ka ji. Sai dai in ɗan'uwa ne ko abokin arziki, kunya za ta hana ka cewa a buɗe inji, ta hana ka taya da rahusa, ta kuma hana ka komawa in ka ga aibi. An yi asarar zumunci da yawa a kan abin da bai kai jirgi ba. Mai kuɗin da ya ajiye jirgi don shaƙatawa ma sau da yawa bai san halin da yake ciki ba. Matuƙinsa ya sani. Ka ja shi gefe ka tambaye shi yaushe aka sauya man ƙafar inji, me ke ba shi wahala da safe.

Akwai tarko biyu a wannan hanya da dillalin kirki zai iya kare ka daga gare su. Na farko jirgin gado ko na haɗin gwiwa, wanda mutum ɗaya zai sayar, bayan wata guda sauran masu haƙƙi su zo. Na biyu jiragen ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci. Su ne suka fi samun kulawa, sau da yawa da littafin gyaransu, kuma in ka dace da irinsu ka dace. Amma galibi an shigo da su ne da yafiyar duwan, in za su koma hannun wanda ba shi da wannan yafiya sai an biya abin da aka yafe. Wanda bai tambaya ba, shi zai biya daga baya.

Ranar gwaji

Ko ta wace hanya ka bi, ranar gwaji ce ke raba gardama, kuma makanike naka ne zai zo, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka biya shi kuɗin yininsa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya ji cewa abincinsa yana cikin faɗuwar ciniki.

Ku iso da sassafe, ku dafa inji da hannu. In da ɗumi, an riga an tashe shi kafin ku zo, ku ce sai gobe. Injin da ya gaji a sanyi yake tona kansa. A duba farantin lamba da ke jikin maƙalin inji, in an kankare shi ko an cire, ku yi sallama. A kwance buji a ga launinsu, a sa ma'auni a auna matsin kowace silinda. Ba yawan lambar kaɗai ake dubawa ba, a ga sun yi kusa da juna, in tazararsu ta wuce kashi 10 cikin 100 akwai aiki a ciki. Da inji ya tashi a kalli ɗan ruwan da yake tsartowa ta baya. In ba ƙarfi, mai yiwuwa 'yar fankar roba da ke tura ruwan sanyaya ta cinye. Ita kanta ba ta da tsada, yashin kogin nan yana cin ta kullum, amma tambayar ita ce sau nawa injin ya yi zafi kafin yau. Kada kuma a yarda a tashe shi a tudu ba ruwa, ko na daƙiƙa kaɗan ne, nan take robar ke ƙonewa. A kwance ƙusar ƙasa ta ƙafar inji a ɗiga mai a tafin hannu. In ya fito fari-fari ruwa ya shiga, in da ɓarɓashin ƙarfe haƙoran ciki sun fara ci. A cire farfela a duba bayanta, domin zaren koma da na ƙugiya sukan naɗe a wurin su yanke robar da ke tare ruwa. A kogin da masunta ke shimfiɗa raga ko'ina, wannan ba baƙon abu ba ne.

A auna tsawon ƙafar inji da tsayin allon baya. Akwai gajeriyar ƙafa ta kusan santimita 38, akwai doguwa ta kusan 51. Dillalai sukan haɗa jikin wani jirgi da injin wani don ciniki ya yi kyau, in ba su dace ba, ko farfela ta riƙa shaƙar iska ko ta riƙa sharar yashi.

Sa'an nan a shiga ruwa da irin nauyin da za ka riƙa ɗauka, ba mutum biyu ba. A fuskanci ruwa a hau sama, a sakar wa inji wuta, a daɗe aƙalla rabin awa. Zagayen minti biyar a gindin gadar Kennedy ba gwaji ba ne. A kashe shi da zafinsa a sake tayarwa, a sa giyar baya, a ɗaga katakon ƙasa a ga ruwan da ya taru.

Jikin jirgi kuwa kowane da inda yake ɓoye ciwonsa. Na katako, musamman na maɗaci, shi ne kogin nan ya sani tun kaka da kakanni. Kowane mai gyaran jirgi zai iya sauya masa allo ya toshe shi da tsumma da kwalta, amma yana son kulawa kullum, kuma sabon fenti a ƙasansa abin tuhuma ne. A soka tsinin wuƙa a haƙarƙarinsa da inda inji ke zama, in ta shige ba gardama katako ya ruɓe. Na faiba ba ya ruɓewa a ido, sai dai allon bayansa galibi da katako a tsakiya. A ɗaga ƙafar inji a danna ta da ƙarfi, in allon ya motsa ko ya yi ƙara, gyaransa babba ne. A bi jikinsa da ƙaramar guduma, inda sauti ya mutu ruwa ya shiga. Na ƙarfe yana jure dutse, kuma mai walda ba ya wuya a Yamai, amma yana da nauyi, yana shan mai, tsatsarsa daga ciki take farawa.

Lokacin dubawa ma yana da tasiri. Da bazara, in ruwa ya janye, jirage suna kwance a kan yashi, za ka ga cikinsu a fili, masu su kuma ba sa samun aiki sosai, ciniki ya fi sauƙi. Sai dai jirgin katako da ya daɗe a tudu yakan bushe ya buɗe, sai ya kwana biyu a ruwa kafin a san yoyonsa na gaskiya.

Game da irin inji, mai bugu biyu da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, shi ne ya cika kogin daga Mali har Najeriya. Dalili a fili yake, ba shi da kwamfuta, makanike zai buɗe shi a gindin bishiya, kayansa kuma ana samu. Galibi lita 1 ta mai ake zuba wa lita 50 ta fetur. Aibinsa sha. Mai doki 40 in an sakar masa wuta gaba ɗaya yana shan kusan lita 20 a awa, mai doki 15 kusan 7. A farashin sefa 499 da aka mayar da litar fetur a watan Yuli na 2024, awa guda da babban ta kai kusan jika goma, ban da mai. Mai bugu huɗu ya fi tsimin fetur, ba hayaƙi, ba ƙara sosai, abin da mai ɗaukar baƙi zai so ke nan. Amma ya fi nauyi da tsada, kuma na zamani masu allurar mai ba sa yafe gurɓataccen fetur na kwalba. Wanda zai riƙa nisa, ya kai Kollo ko Say, ko ya hau zuwa kasuwar Boubon ta ranar Laraba, ya zaɓi injin da za a iya gyara masa a ƙauyen da ya mutu.

To in an haɗa duka, mai lambu ko gona a tsibiri da mai son shiga sana'ar fito, su bi dillalin bakin kogi, jikin katako ko ƙarfe, kuma in kuɗi sun isa su sayi jiki na hannu su ɗora sabon inji, domin a inji asara take. Mai son fita da iyali ranar hutu ya sa dillali ya nemo masa na faiba a hannun ƙungiya ko baƙon da zai tashi, ya yi haƙurin jira, irinsu ba kullum suke fitowa ba. Saye kai tsaye ya fi dacewa da wanda ya riga ya san jirgin, ya taɓa shigarsa, kuma zai iya kallon mai shi ya ce a buɗe inji.

Saura takarda. A rubuta takardar ciniki da sunan mai jirgi na ainihi, lambar katinsa, lambar inji, tsawon jirgi, da duk abin da ke biye da shi, tanki, farfelar ajiya, tirela. Shaidu biyu su sa hannu, dillali ya sa nasa, a kai ma'aikatar magajin gari ko ofishin 'yan sanda a buga hatimi. A karɓi rasidin sayen inji da takardar duwan. Cikon kuɗi a hannun mai jirgi ake ba da shi, a gaban shaidu, bayan takardu sun shigo hannunka. Wanda zai ɗauki fasinja ya je ma'aikatar sufuri ya ji abin da ake buƙata kafin ya biya, ba bayan jandarmomin kogi sun tsayar da shi ba. Wanda ke da niyyar hawa sama wajen Tillaberi da Ayorou kuma ya fara tambayar halin tsaro da dokokin zirga-zirga na lokacin.

A cikin kuɗin da ka ware, ka cire na rigunan ruwa masu hana nitsewa tun kafin ka fara taya jirgi, ɗaya ga kowane mai shiga, har da masu girman yara. Yawancin mutanenmu ba su iya iyo ba, kogin yana da dorina, kuma iskar farkon damina takan taso ba sallama. Ka kuma san inda jirgin zai riƙa kwana da wanda zai yi gadinsa. In babu amintaccen mai gadi, a riƙa kwance inji kowace yamma a kai shi gida, a jingine shi a tsaye, kansa a sama.